'Yar shekara 11 ta koma "ina co, ba na co", ya zan yi da ita?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah ina neman shawara a kan babbar yarinyar wajena. Shekararta 11, tana aji shida, bana za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Tun bayan da na haihu, wata bakwai ke nan, ta tsiro da wata magana irin ta 'yan yaye. "Umma ni ina con yuwa." "Abba ya ce jai cayo min takaymi." Ga langaɓe kai, ga turo baki, muryar kuma siririya ta hanci, tana ja kamar mai shirin kuka. Yarinyar da ta haura izu ashirin a Islamiyya, in tana karatu ra'inta da sadinta sai kin so ki tsaya ki saurara. Na yi faɗa, na yi lallashi, ran nan har mari ta sha, amma abin gaba yake yi. Shekaranjiya a gaban uwar mijina da baƙinta ta zo ta kwanta a jikina tana "Umma cayi jan ca", kunya kamar in nutse. Ni yanzu da na ji muryar nan raina yake ɓaci tun ban san me take so ba.

Hajiya Yaya:
Wa alaikumus salam. Wannan ba cuta ba ce, taɓara ce, kuma ku iyayen zamani ku kuke sayenta da kuɗinku. 'Yar shekara 11 a lokacinmu ta iya tuƙa tuwon gida guda ta kwashe ba gudaji. Ki samo tsumagiya ki rataye inda idonta zai riƙa kaiwa. Duk sanda ta ce "yuwa" ki zuba mata biyu a ƙafa, ki gani in ba ta tuno da ra ba kafin la'asar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya ai ta ce ta mara bai yi ba. Ni tambayata ɗaya ce Maman Sadik, a makaranta ma haka take yi? In tana cikin ƙawayenta fa?

Maman Sadik:
Ko kaɗan. Na tambayi malamar ajinsu, dariya ta yi, ta ce ai ita suke sakawa ta ja addu'a da safe. In ƙawayenta suka zo ina jiyo ta daga kicin tana zuba zance garau, har da ba su umarni. Mutum uku take yi wa, ni da babanta da kakarta.

Uwargida Bauchi:
Ni dai ina ba ki shawara kada ki yi wasa da canjin murya. Akwai 'yar maƙwabtanmu da haka ta fara, ashe ƙaramin aljani ne a jikinta, sai da aka yi ta ruƙiyya. Kin haihu, jama'a sun yi ta shigowa barka da suna, ba kowane ido ne na alheri ba. Ki nemi malami ya duba ta, a haɗa da hayaƙi da man habbatus sauda.

Maman 'Yan Biyu:
Uwargida wane irin aljani ne wannan mai ladabi, ya bar ta ta ja addu'a a makaranta, ya jira a tashi, ta cire yunifom, sannan ya hau? Kuma ba ya tashi sai a gaban masu iya ba shi kuɗi 😂

Uwargida Bauchi:
Ki yi dariyarki. Wanda bai gani ba shi ke musu.

Ummu Abdallah:
A yi haƙuri da juna. Neman tsari ga yara abu ne mai kyau ko da lafiyarsu ƙalau, Annabi (SAW) ya kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsari, kuma Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu safe da yamma ba sa buƙatar sai an ga wata alama. Abin da nake jan kunne a kai shi ne a zaunar da yarinya a gaban mai ruƙiyya ana mata tsawa ana cewa wane ne kai, fita. Ina koyarwa a Islamiyya, na ga yaran da aka yi wa haka a kan ƙaramin abu, suka tashi da imanin cewa akwai wani a jikinsu, daga nan duk abin da suka yi sai su ce ba su ba ne. An je gyaran gira an tsokane ido.

Hajiya Yaya, game da tsumagiya kuma. Hadisin da muke kafa hujja da shi, wanda Abu Dawuda ya ruwaito, a kan salla yake: a umarce su suna da shekara 7, a buge su a kanta suna da 10. Shekara uku ke nan ana koyarwa ana haƙuri kafin a zo maganar duka, a kan salla ma, ginshiƙin addini. Ban ga yadda za mu ɗauko shi mu ɗora a kan yarinya ta ce "yuwa" ba.

Anti Nas Kaduna:
Maman Sadik, amsar da kika ba Maman 'Yan Biyu ta rage mana aiki sosai. Akwai yaron da harafin ne bai taɓa zama a bakinsa ba, a gida da makaranta da wurin wasa duk ɗaya, ko me za a ba shi ba zai iya faɗa daidai ba. Wannan shi ne mai tsamin baki, kuma laifi ne babba a dake shi. Yawancin yara kafin su kai shekara 7 zuwa 8 haruffa sun gama zama, ra da sa suna cikin masu zuwa a makare. Taki kuwa ta iya, ajiyewa take yi ta ɗauka lokacin da ta so, a gaban waɗanda ta zaɓa. Harshenta lafiya lau.

Amma ki duba min wasu abubuwa. Fitsarin kwance ya dawo mata? Ta koma tsotsar yatsa? Tana firgita cikin barci? Akwai gidan da take zuwa da, ko wani mutum, da yanzu in an aike ta wurinsa sai ta ƙi ko jikinta ya yi sanyi? Ta rage cin abinci? In akwai ko ɗaya daga ciki tare da muryar nan, to kada ki tsaya a kan shagwaɓa, ki keɓe da ita ba tsawa ki tambaye ta ko wani yana takura mata ko yana taɓa ta, sannan ki ga likitan yara. Ba tsorata ki nake ba, sau da yawa ba a samun komai, amma yaro in abu ya fi ƙarfinsa baya yake komawa, kuma ba kowane lokaci ne dalilin yake ƙarami ba.

Sai kuma shekarunta. 'Ya mace tana fara alamun girma tsakanin shekara 8 zuwa 13. Ki lura ko ta fara ƙirgen dangi. Wasu yaran abin yana ba su tsoro fiye da yadda muke zato, jiki yana gaba su kuma ba su shirya ba.

Maman Sadik:
Na gode Anti. Babu fitsarin kwance, barcinta lafiya, cin abinci kuwa sai dai in hana. Ƙirgen dangi ban lura ba gaskiya, da hijabi take yini, wanka kuma ta daɗe da fara yi da kanta.

Malama Ta Aji Biyar:
Ni malamar firamare ce, kuma nawa na gida ya yi min irin wannan yana ɗan shekara 10. Abin da na fahimta, muryar nan ciniki ce, tana yi ne don ana saye. Dariya saye ne, ba ta abin da ta roƙa saye ne, faɗa ma saye ne, har marin nan. Yaron da yake neman a juyo a kalle shi, in ya samu an ajiye ludayi an juyo an yi minti biyar ana masa masifa, ai ya samu abin da ya fito nema.

Ga yadda na yi. Da farko ki same ta lokacin da kuke shiri, ba lokacin da ta yi ba, ki ce mata daga yau in ta yi miki waccan muryar ba za ki amsa ba, in ta yi tata ta gaskiya za ki saurara. Sau ɗaya za ki faɗa, ba wa'azi. Daga nan in ta zo da "ina con yuwa", fuska a sake ki ce "ban ji ba, faɗa da muryarki", ki ci gaba da abin da kike yi. Kada ki kwaikwaye ta, kada ki harare ta, kada ki bari Sadik ya yi mata dariya. Da zarar ta faɗa daidai, to nan ne aikin yake: ki juyo nan take, ki kalle ta, ki ba ta amsa ko da amsar a'a ce. Mu iyaye a nan muke faɗuwa. Yaro ya yi magana daidai sau uku muna kan waya ba mu ji ba, sai ya narke murya sannan mu ɗago. To wa ya koya masa?

Ki sa a ranki kwanakin farko abin zai ƙaru. Kamar mai buga famfon burtsatse ne da ya saba ba shi ruwa, ranar da ya ƙi kawowa ba tafiya zai yi ba, ƙara bugawa zai yi da ƙarfi kafin ya haƙura. In kika gaji kika amsa a lokacin, kin koya mata cewa ta ƙara ƙarfi ne ake biya.

A gaban baƙi kuma kada ki tozarta ta. Ku yi wata alama tsakaninku, ko ki taɓa kunnenki, ita kaɗai ta san ma'anarta.

Inna Ta Sakkwato:
Ni hwa wata tambaya gare ni. Sunanki Maman Sadik, shi Sadik ɗin shi ne na hwari?

Maman Sadik:
A'a Inna, ita ce ta fari, Sadik ke bin ta. A gidanmu ba ma kama sunan ɗan fari, haka na taso na gani. In zan kira ta "ke" nake cewa, ko "Yaya" yadda ƙannenta suke faɗa.

Inna Ta Sakkwato:
To ai ga zance. Ɗiyata, ni ma kunyar ɗan hwari ni yi, har yau ban kama sunanshi, kuma ban ce al'ada ta yi laihi ba. Amma ki tuna yadda munka tashi. Uwa tana kawar da kai ga ɗan hwari don ta san akwai masu ɗauka. Ga kaka cikin gida, ga goggo, ga matan baffanni, wani lokaci kishiyar uwa ma ita ka goya shi ta yi mai gata. Da an yaye shi gidan kaka za a kai shi, wani can zai girma. Ɗan hwari bai rasa cinyar hawa ba, ta uwarshi kaɗai anka hana shi. Ku yanzu kun shiga gidan haya daga ke sai miji sai ɗiya, kun ɗauko kunyar kun baro masu ɗaukar can ƙauye. Ɗiyar ga tana kallo kina yi ma jariri wasa kina kiran sunanshi kina sumbatarshi, ita ko "ke". Ta duba ta ga wane harshe ne ka sa uwarta murmushi, ta ɗauko shi.

Hajiya Yaya:
Inna da girmanki za ki ɗora laifi a kan kunya? Ni 'yar fari ce, mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa kallon tsabar idona ta yi min dariya ba, kuma ban taɓa yi wa kowa gwaranci ba. Kunya ita ce ta rage mana, in muka yar da ita sai mu koma irin waɗanda uwa da 'ya suke tafawa.

Inna Ta Sakkwato:
Hajiya, wa ya riƙe ki?

Hajiya Yaya:
Kakata ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta. A ɗakinta na girma har aka kai ni ɗakin miji. Amma wannan daban.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya kin ba Inna amsa da bakinki 😂

Maman Rabi Maraɗi:
Gaskiyar Inna ne. Tawa tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, lokacin da babanta ya ƙara aure, kwatsam ta koma magana kamar ta 'yar shekara ukku, kuma babanta kaɗai take yi ma. A lakwal madam ba ta taɓa ji ba. Ni ban hana ta ba, shi na ce ma ya riƙa ɗaukarta bisa babur in za shi sayen burodi da safe, su biyu kaɗai, ba ƙanne ba amarya. Ba wani abu yake saya mata ba, tafiyar ce kawai da hira. Sannu sannu muryar ta ɓace, ba wanda ya san ranar da ta bari. Maman Sadik, wane aiki take yi cikin gida tun da kika haihu?

Maman Sadik:
Wanke-wanken safe da na dare, shara, ta shirya Sadik su tafi makaranta, in sun dawo ta goya jaririn in samu in yi girki. Wankin kayansa ma wani lokaci. Ba ni da 'yar aiki, kuma ni a ganina horo ne, mace ce.

Hajiya Yaya:
Horo ne mana. Kada wata ta sa ki ji kamar kin yi zalunci.

Ummu Abdallah:
Aikin ba laifi ba ne Hajiya, ni ma nawa suna yi. Sai dai a duba, in duk abin da ke haɗa uwa da 'ya ya zama aike da "ke ba babba ba ce?", to girman ya zama mata hukunci, ƙuruciya kuma ta zama inda daɗi yake. Kowa ya ga haka zai so ya koma.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, sai Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ga kuma hadisin Nu'umanu bin Bashir, da mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Ba na cewa Maman Sadik ta tashi gobe tana rangaɗa wa 'yarta kira a tsakar gida in ba za ta iya ba. Ta sa mata wani suna na daɗi nata ita kaɗai. Ta zaunar da ita ta yi mata kitso da hannunta, ta shafa kanta. Wannan bai karya kunyar kowa ba.

Amaryar Zariya:
Ni fa iyayena ku yi min afuwa, ƙaramar cikinku ce amma zan faɗi wata. A zauren nan namu ba a sati ba a turo darasin yadda ake yi wa maigida shagwaɓa ba. A narke murya, a turo baki, a buga ƙafa, a ce "ni dai ni dai". Lokacin bikina har zaunar da ni aka yi aka koya min. To yaran nan suna da ido. In yarinya ta ga Umma ta canza murya Abba ya ciro kuɗin anko, me zai hana ta gwada? Ga TikTok kuma, manyan 'yan mata da aurensu suna magana kamar jarirai ana danna musu so. Mu muke koyar da abin a sama muna dukansa a ƙasa.

Maman 'Yan Biyu:
Amarya ta fasa ƙwai! Kowa ta yi shiru tana tuna muryar da ta yi jiya da daddare.

Hajiya Yaya:
Shi ya sa muke cewa abin ɗaki ya tsaya a ɗaki. Ku ne kuke yin komai a falo a gaban yara.

Maman Sadik:
Amarya kin ba ni dariya, ni mai jego ina na ga ƙarfin shagwaɓa. Amma kin tuna min da babanta. Shi fa da ta yi muryar nan narkewa yake, ya ce "uwata ta kaina me kike co?", da irin muryar yake amsa mata, ya sa hannu a aljihu. Sunan mahaifiyarsa ta ci. Kakar kuma in mun je sai ta ce "kishiyata zo ki ca cayi", su yi ta yi suna dariya. Ni kaɗai ce muguwa a gidan.

Malama Ta Aji Biyar:
To ai kin ga inda kasuwar take ci. In ke kin rufe shi yana saye, wahalar banza za ki yi. Kada ki ce masa yana ɓata ta, namiji ba ya son jin haka, musamman a kan mai sunan uwarsa. Ki ce masa sakandare za ta shiga, in muryar ta bi ta can yara za su sa mata suna, kuma sunan makaranta ba ya fita. Ki roƙe shi ya ci gaba da yi mata duk abin da yake yi, kyautar ma kada ya rage, sharaɗi ɗaya ne, sai ta roƙa da muryarta. Kakar kuwa ki bar ta. Ba gida ɗaya kuke ba, kuma wasan kaka da jika ba a shiga. Yara sun san dokar kowane gida daban, yadda ta san ba a yi a aji haka za ta san ba a yi a ɗakinki.

Hajiya Yaya:
A nan kam na yarda da Malama. Suruka ba ta gyara wa uwar miji wasa da jika, sai in zaman ne ya ishe ta.

Maman Walid:
Don Allah ku ba ni aron wurin nan. Nawa namiji ne, shekara 9, shi ma "yuwa" yake cewa, "cabulu", amma shi ko'ina haka yake, har a makaranta ana masa dariya ya fara ƙin magana a aji. Babansa yana cewa iskanci ne yana dukansa. Kakarsa kuma ta ce don ba a cire masa beli ba ne yana jariri, wai a kai shi wurin wanzami yanzu.

Anti Nas Kaduna:
Maman Walid, naki ba irin na Maman Sadik ba ne, ki roƙi babansa ya daina dukan nan tun yau, ba da gangan yake yi ba. Duka zai ƙara masa tsoron buɗe baki ne kawai. Beli kuma ba ruwansa da fitar ra ko sa, da harshe da haƙora ake yin su. Kada ki bari a sa masa aska a maƙogwaro, muna ganin waɗanda ake kawowa da zubar jini da ciwon da ya ruɓe, ga haɗarin sandarewar jiki in ƙarfen ba shi da tsabta. Ki tambayi kanki, ya yi ciwon kunne yana ƙarami? Sai an ɗaga murya yake juyowa? Yana ƙure ƙarar talabijin? Ki kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a gwada jinsa, su duba har jijiyar ƙarƙashin harshe. In kina kusa da Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, a Kano akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In kunnen lafiya ne ki nemi su haɗa ki da masu koyar da furuci. Ba su da yawa a wajenmu, sai an yi haƙuri da layi, amma shekara 9 bai makara ba. Ki je makarantar ma ki ga malaminsa a kan masu dariyar.

Maman Walid:
Ya yi ciwon kunne sosai kuwa, har ruwa yana fita. Allah Ya saka da alheri Anti, zan nuna wa babansa wannan saƙon.

Maman Sadik:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. Na bi ta Malama, kuma yadda ta faɗa haka aka yi, da farko abin har da birgima. Babanta ya yarda da baki amma in ya shigo da daddare yakan manta. Muryar ta ragu da ni sosai, da shi tana nan.

Abin da ya sa na dawo daban ne. Ran Asabar na ba maƙwabciya jaririn na zauna ina mata kitso, muna ta hira da muryarta ta gaskiya. Can sai ta ce, "Umma, in na ci jarrabawa da gaske makarantar kwana za a kai ni?" Ashe tun ina da ciki ta ji babanta yana gaya wa ƙaninsa cewa ta girma, in ta gama aji shida kwana zai kai ta kamar 'ya'yan yayarsa. Ni na ma manta an yi zancen. Ta ce ita ba ta girma ba, kuma in ta tafi wa zai goya mata ƙaninta. Anti Nas kuma kin yi gaskiya, ta fara ƙirgen dangi, shi ya sa ko a ɗaki ba ta cire hijabi.

Hajiya Yaya:
Kun gani ko? Na ce muku lafiyarta ƙalau, wayo ne. Tana so uban ya ga jaririya ce ya fasa. Yarinyar nan za ta yi kan gado. Ni dai a kai ta, makarantar kwana ita ke yaye irin waɗannan.

Maman Rabi Maraɗi:
Hajiya a kai ta tana ganin an kore ta ne don an samu sabo? In za a kai ta ma a bari sai ta gama aji ukku na sakandare.

Malama Ta Aji Biyar:
Ba kowace makarantar kwana ce matsala ba, ni a can na yi tun daga aji ɗaya kuma na ji daɗinta. Amma ni an tambaye ni, har aka kai ni na ga wurin kafin lokaci. Ita wannan a bayan ƙofa ta ji an yanke. Ko me za a yi, uban ya zaunar da ita ya gaya mata da bakinsa, ya ji nata.

Anti Nas Kaduna:
Kwana ko jeka-ka-dawo, tunda ƙirji ya fara, al'ada takan biyo baya da kamar shekara biyu, wasu ba ta kai haka. Ki yi mata bayani da kanki tun yanzu, ki nuna mata yadda ake amfani da audugar mata, Ummu Abdallah ta taimaka miki da ɓangaren wanka da salla. Ki saya mata 'yar shimi mai ɗan kauri ta samu ta sake a gida, zafin nan da hijabi ba daɗi.

Maman Sadik:
In sha Allahu Anti, gobe zan shiga kasuwa. Maganar makarantar kuma na taɓa masa jiya, ya ce ya riga ya yi magana da yayarsa, amma bai biya komai ba tukuna. Ya ce in bar shi zuwa Juma'a zai fita da ita su yi magana. Maman Rabi, a kan babur ɗin ma za su je, na ce masa kada ya ɗauki Sadik.